Zagayen Mota Kafin Gangaren Hawan Kibo

Ni dai bakina ne ya ja wa yayana, gara in faɗa tun da wuri. Ina aji uku na sakandare, lokacin hutun ƙarshen shekara, na yi ta naci har Kawu Ɗanlami, ƙanen Innarmu, ya yarda in bi su Jos da lodin doya. Tirelar tasa direba biyu take ɗauka, kuma abokin tuƙinsa ya bar aiki. Yaya Auwalu ya daɗe yana yaron mota a hannunsa, ya samu lasisi, wannan tafiya ce za ta nuna ko za a ba shi kujerar.

Keffi

Muna idar da sallar asuba muka fito daga Tudun Ƙofa. Kawu ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya fara zagaye: ya ƙwanƙwasa kowace taya yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya ja igiyoyin tamfol, ya sa ni taka birki yana kallon fitilun baya. Na rantse a raina kafin ya gama doyar nan za ta tsiro.

Akwanga

Hantsi ya yi muka tsaya wajen wata Mama mai sakwara da miyar agushi. Ta dube ni ta ce, "Kawu, wannan ƙaramin fa, lodi ne ko fasinja?" Ya ce, "Asara ce." Na rama da malmala biyu.

A nan Yaya zai karɓi sitiyari. Na gan shi ya miƙa hannu zai ɗauki ƙarfen, sai na raɗa masa, "Haba Yaya! Kawu ya duba ɗazu. Ka sake dubawa ai ce masa ka yi makaho." Ya ajiye ƙarfen. A gidanmu ko ƙofa Kawu ya rufe, ba mai zuwa ya taɓa ya ji ko ta rufu. Kawu ya kalle shi, ya haye ɗan gadon bayan kujera. Ni kuwa har ƙirji nake buɗewa, na ceci yayana daga rashin kunya.

A shingen da ke gaba wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Oga, me ka ɗauko?" Na ce, "Doya da ni." Yaya ya taka min ƙafa.

Jos

A gindin Hawan Kibo Kawu ya karɓa, ya sake zagayensa tsaf, muka hau muna rarrafe har wata akuya ta wuce mu ta waiwayo. Da la'asar aka sauke doya, aka loda mana dankalin turawa. A cikin mota muka kwana. Sanyin garin nan, wallahi da safe sai da na ƙirga yatsuna in ga ko sun cika. Mai shayin tasha ya ce, "Ɗan Keffi ne ko? Ga shi nan yana rawa ba kiɗa."

Riyom

Kawu ya yi zagayen safe, ya ja mu zuwa Riyom, ya faka. Ya ce, "Auwalu, kai za ka sauke mu." Gangaren Hawan Kibo kenan, da cikakken lodi. Wanda ya sauke tirela a nan lafiya ya zama direba.

Yaya ya zauna, ya gyara madubi, ya yi bismilla, ya sa giya. Sai Kawu ya miƙo hannu ya kashe motar.

"Sauko."

"Kawu, ai ka duba da safe."

"Na duba. Ni zan tuƙa yanzu?"

Yaya ya sauka da ƙarfen, ina biye. Tayoyi lafiya, igiya lafiya. Har na fara shirya dariyar da zan yi, sai Yaya ya tsaya cak a bayan kan motar. Wani siririn sauti ne, sssss, kamar maciji yana gulma. Tiyon iskar birki ya goge da ƙarfe a ramukan hanya, ya fara tsagewa. Kawu da kansa ya durƙusa ya taɓa, na ga fuskarsa ta canza. Shi ma bai san da shi ba. Na leƙa gangaren, na kau da kai.

Kawu ya ce, "Duk wanda zai kama sitiyari, shi zai zagaya da ƙafarsa. Ko sau goma muka yi canji, sau goma. Jiya ma a Akwanga na gan ka. Kunyata kake ji?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Bai ambace ni ba, abin ya fi mari zafi. Na ce, "Kawu, ni na hana shi."

"Kai na ba makulli?"

"A'a."

"To rufe min baki, je ka tokare taya da waigi."

Wani makanike ya zo a kan acaɓa ya sauya tiyon. Kawu ne ya sauke mu gangaren, a giya ƙarama. Sai a Akwanga ya saya mana rake, ya miƙa wa Yaya mafi tsawo.

Gida

Ana kiran magariba muka shigo Keffi. Inna ta tambayi hanya, Yaya ya ce alhamdulillahi, ni ma karon farko a rayuwata na tsaya a nan.

Yanzu idon Kawu ya yi rauni, an sayar da tirelar. Wani lokaci in na ji babbar mota tana huci a bakin titi, sai in ji warin baƙin mai da ɗanyen dankali, in tuna munsharin Kawu a bayan kujera. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa Kawu da raken nan.

Yaya bai samu kujerar ba a wannan karo. Wani Oga Chike na Sabon Gari aka ba, Yaya kuma ya ƙara shekara guda yana yaron mota kafin Kawu ya miƙa masa makulli.