Jan Fenti a Katangar Malam Buhari

Ranaku da yawa na aiki sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a tsakiyar wata tunga, ɗan ƙauyen manoma da masunta, cikin fadamar Argungu ba, mutane sun yi mini zobe, ruwa kuma yana tahowa ta bayansu. Ku sababbin ɗauka kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake hana a shigo da jan fenti ofishin nan, har wasunku suna cewa tsohon nan camfi gare shi. To yau zan gaya muku, ku huta, ni ma in huta.

A lokacin ni ƙaramin jami'i ne a sashen auna ruwa, nan Birnin Kebbi. Ga wanda bai san aikin ba, akwai sandunan ƙarfe masu lamba da aka kafa wuri-wuri a bakin gulbin Rima. Safe da yamma ana duba inda ruwa ya kai a turo mana. Mu kuma mu haɗa da sanarwar da masu kula da madatsun ruwa na sama suke aikowa idan za su saki ruwa, mu kai wa Darakta, shi ya kai gaba. Abin kunyar shi ne, ni mai auna gulbi ban iya iyo ba. Ɗan cikin gari ne ni, mahaifiyata ko kududdufi ba ta bari na shiga ba. Abokan aiki sun sha cewa in na faɗa cikin bahon wanka sai an kira masunta.

Da ranin shekarar aka ba mu aikin sa alama. Ma'ana, mu shiga ƙauyukan fadama da na'urar awo, mu gano iyakar inda ruwa zai kai idan an yi babbar ambaliya, mu ja layi a bango ko a jikin itace don mutane su riƙa gani. Fentin da muka tarar a sito ja ne, shi muka ɗauka. Direbanmu Yohanna, mutumin Filato wanda ya daɗe a garin nan, ya leƙa gwangwanin ya ce a wajensu idan gwamnati ta shafa ja a bango kowa ya san katafila ce ke tafe. Na yi dariya na ce nan ba can ba ne, ya ja mota kawai.

Ƙa'ida ta ce a fara zuwa gaban maigari a yi bayani. Da muka isa tungar, ba zan faɗi sunanta ba, maigari ya tafi ta'aziyya Gulma, aka ce nan da awa ɗaya zai dawo, maza kuma duk suna wajen cirar albasa. Muna da wasu tungaye uku a gabanmu ranar, rana tana dukan ƙeya. Sai na ce a yi aikin, a dawo wani lokaci a yi bayanin. Na ja layi a jikin tsamiyar bakin gari, na ja a bangon masallaci, na ja a katangar wani manomi, Malam Buhari, wanda gidansa ya fi na kowa zama a kwari. Layinsa ya kai mini ƙirji. Muka tafi, kuma ba mu koma yin bayanin ba.

Ba a yi sati biyu ba wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya iya baki, a hankali yake magana kamar mai wa'azi. Ya ce an sayar da fadama ga kamfanin shinkafa, jan fentin nan shi ne iyakar abin da aka sayar. Ya ƙara da cewa idan damina ta yi za a zo a ce musu ambaliya na tafe su tashi, kuma duk wanda ya tashi ya bar gonarsa ke nan har abada. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce dafin, domin ta amsa gargaɗinmu tun kafin mu yi shi. Daga Zauro har Ambursa ba abin da 'yan kabu-kabu da masu shayi suke tattaunawa sai shi. Mutane suka yi ta kiran gidan rediyo. Mu kuma, da wayonmu, muka rubuta ƙaryatawa shafi uku da Turanci muka ba 'yan jarida.

Damina ta yi nisa, shinkafa ta fara fitar da kai, sai ga sanarwa daga sama cewa madatsa ta cika za a saki ruwa. Sandunanmu ma tun kwana biyu suke nuna hauhawa. Darakta ya kira taro. Na zaci za a yi maganar jiragen ruwa da inda za a sauke mutane, ashe maganar abin da za a ce a gari za a yi. Jami'in yaɗa labarai ya ce in muka umarci mutane su tashi mun gaskata mai saƙon nan da bakinmu. Wakilin ƙaramar hukuma ya ce a sanar a rediyo a yi shiru, ko ba komai ba wanda zai ce ba a faɗa ba. Wani ya ce a tura 'yan sanda, aka ce ai wannan ma ya fi muni. Kowa a ɗakin ya yarda ruwan na zuwa, gardamar duk a kan wanda zai ɗauki baƙin jini ce.

Darakta ya juyo gare ni ya tambaya ko na tabbata da lissafina. Na ce, yallaɓai, kafin faɗuwar ranar gobe ruwa zai kusa layin.

"To, Malam Nasiru, kai ka shafa, kai za ka je ka yi musu bayani. Ba ɗan sanda, ba lasifika."

Na ce to.

Washegari da sassafe Yohanna ya kai ni inda hanya ta ƙare, don ruwa ya riga ya cinye sauran. Bai tuna mini maganar fentin ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ce zai jira ni a nan, yana yi mini addu'a. Na shiga kwalekwale, na gaida mai tuƙin bai amsa ba. Da hantsi muka isa. Na durƙusa gaban maigari na ce ranka ya daɗe, ban gama gaisuwar ba wurin ya cika. Wasu da lauje, wasu da sandar tuƙi. Wani dogo mai furfura a gemu ya ratso ya nuna ni da yatsa. Shi ne Malam Buhari, ranar na fara ganin fuskarsa.

"Wanga shi na yash shahwa min ja ga katanga," in ji shi. "Ga shi ya zaka, yadda anka hwaɗa muna."

Na zaro takardata na fara karanta musu lambobi, ruwa ya kai kaza jiya, ya kai kaza yau. Ina karantawa ina jin maganata tana komawa daidai da abin da mai saƙon ya ce zan faɗa. Wani ya fizge takardar. Wani daga baya ya ce a jefa ni gulbi in auna shi da kyau, aka yi dariya. Ba na ɓoye muku, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Maigari yana ta cewa a yi haƙuri, ba mai jin sa.

Akwai wani tsohon masunci, Baba Maigora, yana zaune gindin tsamiya yana ɗinkin komarsa. Shi ya tsawatar, aka ɗan lafa. Ya yafito ni, ya dube ni sama da ƙasa.

"Bar takarda, ɗana. Ka iya ruwa?"

Na ce ban iya ba, Baba.

"To in ka tabbata da maganakka, zamna nan. In munka tashi mu tashi da kai. In munka nutse, kai ma kana ciki."

Ya ɗauko karan dawa ya yi masa tsaga uku da wuƙa, ya kafa shi daidai bakin ruwa a gaban kowa. Aka yi yarjejeniya: idan ruwa ya ci tsaga ta uku kafin la'asar, mata da yara za su koma makarantar firamare da ke kan tudu, maza kuma su riƙa kewaya gonaki a kwalekwale don kada a ce an bar ƙasa ba kowa. Idan bai ci ba, sun san abin da za su yi da ni. Ba wanda ya fayyace wannan ɓangaren, ni ma ban tambaya ba. Da mutane suka ɗan ja baya, tsohon ya gaya mini ƙasa-ƙasa cewa tun jiya ya ga ruwan ya sauya launi yana ɗauke da ciyawar da ba ta ƙasarsu ba. Ya yi shiru ne kawai don in ya faɗa za a ce gwamnati ta saye shi. Shekarunsa duka a gulbi ya yi su, amma saƙon minti biyu ya rufe masa baki.

Na kira Darakta na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce zai nemo jirage daga Argungu, Allah ya tsare. Na zauna ina kallon karan nan. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, na tsinci kaina ina roƙon Allah ruwan ya hau, don in bai hau ba na kaɗe. Sai kuma in tuna ban iya iyo ba, in shiga roƙon ya tsaya. Da azahar ya ci tsaga ta biyu. Muka yi salla, har a sahu sai da aka bar ɗan fili a gefena. Ba a kai ga kiran la'asar ba, ruwa bai tsaya cin tsaga ba, karan gaba ɗaya ya tumɓuke ya tafi da shi.

Daga nan ba wanda ya sake bi ta kaina. Mata suna fitowa da tukwane da tabarmi, ana jan awaki, yara suna kuka. Jiragen da Darakta ya turo suka iso, aka yi ta jigila. Ruwan ba ya gudu, ba ya ruri, sai dai duk sanda ka duba ƙafarka ka ga ya ƙaru. Ya zo idon sawu, ya zo gwiwa.

Malam Buhari ya yarda matarsa da 'ya'yansa su shiga jirgi, bayan Baba Maigora ya yi ta lallashinsa. Shi kam ya ce ba inda za shi. Gidansa aka shafa wa ja, in ya fita nasa za a fara ɗauka. Na ratsa ruwa na same shi a ƙofar gida, layina yana nan a bayansa. Na rantse masa da Allah ba kamfani, ba ciniki, alamar ruwa ce kawai. Na ce kuskurena ne da ban jira na yi bayani ba, ya yafe mini ya zo mu tafi. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Da ka zamna da rani ka hwaɗa min hakanga, da na ji. Yanzu ban san wa zan yarda da shi ba."

Ya kama tsani ya haye rufin ɗakinsa na ƙasa. Maza biyu suka bi shi, ya ɗaga musu lauje, suka sauko. Ruwa ya kai mini ƙugu, ƙafafuna suna zamewa cikin laka, sai ji na yi Baba Maigora ya shaƙo wuyan rigata ya cusa ni cikin kwalekwalen ƙarshe. Rana tana shirin faɗuwa. Na waiwaya na gan shi zaune a kan rufin, ya rungume gwiwoyinsa, yana kallon gonarsa da ruwa ya shafe.

Da gari ya waye masunta suka koma, suka tarar ɗakin ya zube. Sai bayan kwana biyu aka same shi cikin ciyayi, can ƙasa da tungar. Shi kaɗai aka rasa a garin.

Da ruwa ya janye aka tura ni in duba alamomin, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Wani ɓangare na katangar Malam Buhari yana tsaye. Tabon lakar da ruwa ya bari ya kwanta a kan layina daidai, ko faɗin yatsa babu tsakani. A ofis aka yi ta yaba mini, har da takardar yabo, wadda har yau zuciyata ba ta bari na karanta ba. A gari kuwa gardama ba ta mutu ba. Wasu suka ce da gangan aka buɗe madatsa don a kore su. Kamfani bai zo ba, kowa ya koma gonarsa, amma mai saƙon bai sake turo wani ya ce ya yi ƙarya ba, ba a kuma taɓa sanin ko wane ne ba.

Tun daga shekarar aka sauya tsari, ni na nace har aka sauya. Ba a sa alama sai an zauna da maigari da liman da masunta, an sha ruwansu, an ji abin da suka sani game da gulbi. Fentin fari ne, kuma mai gida ne yake riƙe buroshi ya ja layin da hannunsa, mu namu nuna wuri. Na san kuna ƙorafi cewa wannan yana cinye yini guda a tunga ɗaya.

Ku bar shi ya cinye. Aikin nan ya koya mini cewa mutanen fadama ba wawaye ba ne, sun fi mu sanin ruwa, abin da ba su sani ba shi ne nufinmu. In ba ka zauna ka gaya musu ba, wani zai riga ka, kuma duk gaskiyar da ka kawo daga baya za ta zama shaidarsa. Awa ɗaya na ƙi jiran maigari ya dawo daga ta'aziyya. Lissafina bai kuskure ko da yatsa ɗaya ba, kuma da ni aka yi wa Malam Buhari sallar jana'iza.