Awa Uku na Rana da Lemon Noelene

Shekara talatin da ɗaya Noelene Tuckwell ta yi tana shata layukan filin ƙwallon garinsu, wani ƙaramin gari a bakin kogin Murray. Duk Juma'a, ita da kekenta na shata layi da farar ƙasa. Tun daga nan ta daina yarda da bakin mutum. Ɗan wasa ya rantse ƙwallo ba ta fita ba, ita dai layi take dubawa.

Ta yi ritaya ta koma kula da bishiyar lemon tsamin da marigayi mijinta ya dasa a bayan gida. Bara lemo ɗari huɗu da goma sha biyu ta tsinka, ta raba wa gida tara.

Sai hukumar gari ta sassauta dokar gini. Da, hawa biyu ne iyaka, kuma sai ka bar mita uku daga shingen maƙwabci. Yanzu aka ce ka tsara yadda ka ga dama, muddin tsakar gidan maƙwabcinka zai samu rana awa uku a ranar da ta fi gajarta a can kudancin duniya, ashirin da ɗaya ga Yuni. Ba a yi wata biyu ba wani magini, Craig Dunstan, ya sayi filin da ke arewa da ita, inda ranar hunturu ke shigo mata. Ya zo da kek ɗin ayaba da takarda mai zanen inda inuwar gininsa za ta sauka, ya ce hawa uku ne kacal, kuma awoyinta uku suna nan daram. Sau shida ya ce mata kada ta damu. Tun a na biyu ta fara damuwa.

Kek ɗin ma ba ta taɓa ba.

Ran ashirin da ɗaya ta kira ƙanin mijinta Barry, mai sana'ar sare bishiya, da motarsa mai kwandon ɗaga mutum. Ta sa ya hau mita goma sha ɗaya daidai inda bangon zai tsaya, riƙe da zanen gado. Duk rabin awa sai ta bi bakin inuwar zanen da kekenta ta ja layi.

"Tsohuwa, hannuna ya mutu," in ji Barry daga sama. "Yayana ya huta da ke wallahi."

"Ɗaga dai, ragon banza. Shi da tsani yake hawa, ba kwando ba."

Daga ƙarfe tara zuwa uku ta ja layi goma sha uku. Craig bai yi ƙarya ba: awa uku da minti goma. Sai dai ranar duk a kan simintin da take ajiye kwandunan shara ta sauka. Lemon kuwa minti arba'in ya samu. Dokar ta ce tsakar gida, ba ta ce wane ɓangare ba.

Ta kira Craig ta nuna masa layukan. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ya cika sharaɗi. Ta ce ta sani, ta karanta dokar shafi ashirin da shida, har da wurin da aka ce yanzu ana iya matsar da gini kusa da titi. In ya ja shi mita biyu gaba, lemon zai samu awa uku da rabi. Ta sa Barry ya gwada wannan ma.

Craig ya duba layi, ya duba Barry da ke murza kafaɗa, ya ce to, ba matsala, zai sa a gyara zanen.

Saurin amincewar ne bai yi mata ba. Ta tambaye shi me zai samu a ciki, ya ce wurin ajiye mota biyu a baya. Wannan ta yarda da shi, don ya yi kama da dalili.

Duk da haka washegari ta tura kekenta cikin filinsa, ta shata masa layin bangon da hannunta. An fara haƙa harsashi mako uku ke nan. Kullum da safe tana leƙawa ta kan shinge, kuma sau biyu ta sake bin layin da farar ƙasa, wai ruwan sama ya sa ya dushe.