Shekarar da Muka Ɓuya wa Masu Yashe Kwata

A Makka ruwa ba ya zuwa da damina irin ta gida da Inna ke ba mu labari. Da sanyi yake zuwa, jefi-jefi, kuma ba ya sallama. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a saman Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse, sai ya gangaro ta lungunanmu, ya kwaso leda da robobi da tsumma, har da katifar da wani ya gaji da ita. A ƙasa, daidai inda lungunmu ya haɗu da titi, akwai bakin kwata mai murfin ƙarfe. Kusa da shi ɗakin Inna yake.

Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, mahaifinmu ya gina shi da bulo kafin ya rasu. Inna ta ƙi hawowa sama wurina saboda ciwon gwiwa. A nan take jibge buhunan alkama da dawa, tana ƙullawa a ƙananan ledoji tana sayar wa masu ciyar da tattabaru. In bakin kwatar nan ya toshe, ɗakinta ne na farko da ruwa zai cika, kuma kowa a unguwa ya san haka.

Shi ya sa ake gayya. Kowace shekara da zafi ya fara sauƙi, Kawu, ƙanen Inna, zai bi gida-gida yana kira. Maza su fito da shebur da buhu, su faro daga sama suna kwashe shara har ƙasa. Mu mata muna dama kunu muna miƙa shayi. A ƙarshe ƙarti su ɗaga murfin ƙarfen, a yashe kwata, a jera buhunan yashi a ƙofar Inna. Ba wanda ya taɓa sa mu, ba kuma wanda ya taɓa gode mana.

Sai wata shekara umda, mai unguwarmu, ya yi sanarwa a masallaci cewa baladiyya, hukumar gari, ta yi tsarin tarbar ruwan sanyi. Za a yashe kowace kwata, har da tamu ta kan dutse. Ma'aikata za su zo, abin da ake so kawai mazauna su fito su nuna musu hanyar ruwa. Kawu ya dawo yana tafiya kamar shi aka naɗa.

"Bana ba gayya," ya ce. "An tuna da mu."

"Kawu, mu yi tamu mana. In sun zo sai su ƙara."

"Ke 'yar nan, a ce za a ɗauke miki kaya ki ce kanki ya saba? Yanzu ma taɓa murfin nan mukhalafa ne, karya doka, tara za su ci mu."

Na koma kan aikina, don ba a ja da Kawu a gaban Inna.

Unguwarmu tana da wata al'ada da ta girmi gayya. Da yawa cikinmu ba su da ikama, takardar izinin zama, wasu kuma tasu ta mutu ba halin sabuntawa. Saboda haka duk lokacin da farar mota mai tambari ta tsaya a gindin dutse, macen da ta fara gani sai ta ɗauki cokali ta buga tukunyar gas. Ta gaba ta amsa, ta gaba ma haka. Kafin direba ya kashe mota, lungu ya zama kamar an yi shara.

Ranar da suka zo da hantsi, ina ɗakin Inna ina taya ta ƙulli. Na ji gas ya ɗauka ta ko'ina. Kawu ya faɗo ciki yana haki ya danna sakata, don tasa ikamar ta daɗe da mutuwa. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Farar mota ce, bayanta babbar mota, da mutane sanye da riguna masu ƙyalli suna sauke shebur.

Ni takarduna lafiya suke ta wajen mijina. Na jawo abayata.

"Kawu, masu kwata ne. Ga shebur nan a hannunsu."

"Ranar da masu kame suka tafi da ɗana ma tankar ruwa muka gani a gaba," ya ce, ya jingina bayansa da ƙofar. "Kina buɗewa za su leƙo su gan ni."

"Ba kai ka ce an tuna da mu ba?"

Inna ta kama gefen abayata. "Zauna, don Allah. Ƙanena ne."

Suka ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ɗayansu ya yi sallama har sau uku, yana tambaya da Larabci ina ruwa yake bi. Muna tsaye a bayan ƙofa kamar ɓarayi a ɗakin uwarmu. Bakin kwatar kuwa yashin shekara guda ya binne shi, ga wata matacciyar mota da aka jingine a kai. Wanda bai sani ba ba zai gane akwai shi ba. Suka share gefen titi tas, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Da yamma na ce to a yi gayya. Kawu ya ce ma'aikatan za su dawo. Sauran maza suka ce aikin ya zama na hukuma. Umda ya ce ayarin ya wuce wata unguwa, sai zagaye na gaba. Mijina yana hanyar Madina da bas ɗin da yake tuƙawa. Ni da wata maƙwabciya muka tone yashin da tsohon faranti har muka ga ƙarfe, amma mata biyu ba sa ture mota.

Ruwan ya zo wata rana bayan la'asar. A kan kujerar roba muka ɗauki Inna muka hau da ita matakala, tana ta waiwaye. Daga sama muka ga ruwa ya taru a ƙasa yana juyawa, ya rasa mafita, sannan ya tura ƙofarta ya shiga. Sai da ya kai taga. Da muka samu shiga bayan kwanaki, alkamar ta tsiro ta fasa buhuna, bango ya tsage daga sama har ƙasa. A makon ne na ga a waya yadda motoci ke ture ƙanƙara daga titi can arewacin ƙasa, don masu zuwa kallo su wuce lafiya. Na kifa wayar, raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Wata farar motar ta zo. Wannan karon ba wanda ya buga gas, kowa yana waje yana shanya. Suka duba tsagar, suka fesa jan fenti a bango, suka ce ɗakin ba ya zaunuwa. Rusau ɗin da ya share unguwar duka daga baya bai iso ba tukuna a lokacin. Na Inna ne ya fara tafiya.

Yanzu tana tare da mu a unguwar Kudai, hawa na uku, gidan haya. Gwiwa ba ta barin ta sauka sai don asibiti. Kawu yana zuwa duk Juma'a, ta ba shi shayi su yi hira kamar ba abin da ya faru. Ni ina gaishe shi, na girmama shi, amma ban yafe ba. Haushin da ya fi ci na shi ne na san tsoronsa ba na ƙarya ba ne.

Sanyin bara, muna dawowa daga asibiti, mijina ya bi da mu ta gindin dutsen. Babu lungu, babu gidaje. Inda ɗakin yake an yi magudana ta siminti, mai faɗin da mota za ta bi, tsaf, ko leda ɗaya babu. Inna ta ce ya tsaya. Ta sauke gilashi ta daɗe tana kallo.

"Ashe sun iya aiki," ta ce. "Mu ne dai muka tare wa ruwa hanya."