'Yar Cin Rani a Gawon Gidanmu

A bayan gidanmu da ke Danchadi akwai wani gawo, kuma kowa ya san halin gawo: da damina ya kakkaɓe ganye, sai rani ya shigo ya yi kore shar. Da an gama yankan gero, wata 'yar tsuntsuwa takan sauka a kansa. Ba ta kai gwara girma ba. Bayanta kore-kore ne mai haɗe da toka, ƙirjinta ɗorawa-ɗorawa, da wani farin zane a saman ido. Bakinta siriri kamar allura, kuma ba ruwanta da hatsi. Ƙananan ƙwarin da ke maƙale ƙarƙashin ganye take tsinta, daga wannan reshe zuwa wancan, ba ta zama. Ba mu san mata suna ba, Inna ce ke kiran ta 'yar cin rani.

Shekarar da na isa tafiya cin rani, sa'o'ina duk suka ɗaure kaya za su kurmi, wato ƙasashen kudu, Inna ta ce ni ban zuwa ko'ina. Tana da dalili. Babanmu kurmi ya tafi ina ƙarami, can ajali ya same shi, labari kawai ya dawo mana. Ni kuwa zaman ya ishe ni, ga ni da baki, Allah Ya ba ni. Kullum in kawo mata hujja, har da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ta ce to in bar zomon ya huta.

Duk garin mun ɗauka daga kurmi tsuntsuwar ke zuwa, don mu a saninmu duk wata doguwar tafiya can ta nufa. Wani malamin firamare da aka turo Shagari, mai zuwa fadamarmu sayen albasa, shi ya warware mini. Ya tsaya ƙarƙashin gawon ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce daga arewa take, can ƙasashen Turawa take ƙwai da ƙyanƙyasa. In sanyinsu ya taso sai ta ƙetaro teku da hamada ta zo nan. Da bazara ta kusa, wannan siririn kukan nata sai ya koma waƙa, ta ci ta yi ƙiba ta koma gida. Ya ƙara da cewa da yawa kan mutu a hanya. Wannan ɓangaren na yi niyyar haɗiyewa.

Na iske Inna tana sussuka, na zazzage mata labarin ina ta ƙafafa, na ce ga abu bai cika tafin hannu ba yana ƙetare hamada, ni da gemuna an hana ni hawa motar Bodinga.

Ta dakata da taɓarya ta ce, "Duka su ka komawa?"

Ban iya yi mata ƙarya. Na ce a'a.

Ta ɗaga kai tana duban gawon. "Ashe mu ma kurmin wasu na," in ji ta. "Ɗiyan wasu na ka zakkuwa garemu, mu ko sannu ba mu ce musu."

Ba ta sake tayar da maganar ba sai bayan kwanaki, ina alwala ta ce daga bayana, "Ka tahi. Amma rad da ka ji irin wagga ta soma waƙa, ka kamo hanya." Na yi murna ƙwarai, na kuma ji kunyar murnar, don na ga idonta.

Na tafi, na yi dako a kasuwa, na dawo kafin ruwan shuka, lafiya lau. Ƙanwata ce ta ba ni labarin abin da ya faru bayana. Tun ranar da na hau mota, kullum da safe Inna sai ta cika kasko da ruwa ta kai gindin gawon. Maƙwabta suka yi ta yi mata tsiya, wai ta rasa wanda za ta yi wa hidima sai tsuntsu. Ƙanwata ta tambaye ta dalili.

Ta ce, "Ɗan wata na. In na ba shi ruwa, can ma wata ta ba nau ɗan."