Ƙwan Najil a Teburin Kawu Bukari

Wata Juma'a ce da zafi ya fara shigowa, ina ɗan shekara tara, Baba ya ɗora mini kwano cike da ƙwan kifi ya ce yalla, in bi shi kasuwar kifi. Tare da mu akwai abokansa huɗu daga unguwarmu Karantina, duk masu fatsa, mutanen da ba su da jirgi ba su da taru, sai zare da ƙugiya da haƙurin zama kan dutse a bakin teku. Abu ɗaya ya fito da su: a daina sayar da najil, jan kifin nan mai tsada, a lokacin da yake ɗauke da ƙwai. Takardar koke ba ta taso ba, wa zai karɓe ta daga hannun baƙo mai iƙama, takardar izinin zama a ƙasar? Sai suka ce za su tsaya teburi teburi, su nuna wa masu saye abin da suke ci.

Da teburin Kawu Bukari Baba ya fara. Yayan Inna ne, kuma a wurinsa take ɗaukar kifin da take soyawa a ƙofar gida, wanda nake kankare wa ɓawo kullum kafin makaranta ina korar kyanwoyi da takalmi. Baba ya matsa cikin wani najil da babban yatsa, ƙwai ya tsiyayo, ni kuma na ɗaga kwanona sama yadda aka koya mini. Kawu ya ce, "Idi, a gaban mutane? Ƙanwata ce fa a ɗakinka." Baba ya ce, "Shi ya sa na fara da kai, Yaya. In na tsallake ka, wa zai saurare ni?"

Mun ji a jikinmu. Kawu ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, Inna ta yi mako ba ta kallon Baba, kaskonta ya daɗe a kife, a filin ƙwallo kuwa sunana ya koma Ɗan Ƙwai. Amma da zafin baɗi ya zagayo, babu najil mai ciki ko ɗaya a teburin Kawu, maƙwabtansa ma suka bi sahu. Bai sake gaisawa da Baba ba, halas, shi ke nan, har Baba ya rasu. A maƙabarta ya dafa kafaɗata ya ce, "Ubanka ɗan taurin kai ne, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Yau an baje Karantina, dutsen da muke zama ma an kewaye shi da katanga. Ina haya a unguwar Sharafiyya, ina ganin najil da bai kai tafin hannu ba naɗe cikin leda a kanti, in ja tsaki in wuce. Masu digiri sun cika gari, ban ga wanda ya iya tsawata wa surukinsa saboda kifi ba. Ni ma ban iya ba, amma wanda ya iya shi ya haife ni.