Kaset Ɗin da Na Aika Gida Daga Riyad

Ni tsohon soja ne. A shekarun tamanin ina tuƙa tankar ruwa a Riyad, ina kai ruwa wuraren gine-gine a unguwar Nasim, ina kwana a wani ɗaki a unguwar Batha tare da 'yan ƙasarmu. Ban yi boko ba, kuma ina da kafiya, in na sa abu a gaba ba na jin kira. A yaƙin basasa ɓarɓashin bam ya same ni a mara da cinya. Da za a sallame ni, likitocin soja suka dubi ɗingishina kawai, aka yanka mini ɗan fanshon nakasa. Na koma gida na yi aure, Allah ya ba mu ɗa namiji. Bayan haihuwarsa ne abin ya soma, yau da ƙarfi gobe babu, har aka wayi gari ba na iya kusantar matata kwata-kwata. Daga ni sai ita muka sani. Gaskiya ma, kunyar haɗa ido da ita na cikin abin da ya sa na karɓi aikin Saudiyya, na bar ta da yaron a gidan mahaifina.

A Riyad na daure na je asibiti. Wani likita Bamisire ya ce jijiya ce ta mutu tun ranar raunin. Wani kuma ya ce ina, yawan zama ne a mota da zafi da taba. Sai wani likita ɗan ƙasarmu ya zaunar da ni ya ce tabon rauni yakan ci jijiya a hankali, ko da an yi shekaru da warkewa, kuma in haka ne ina da haƙƙin neman a sake duba fanshona. Na fito kaina a ɗaure. Wallahi har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, amma maganar haƙƙi ta shige ni. Na ce jinina ya zuba, ƙuruciyata ta tafi, ai ba zan bar musu ba.

Akwai wani abokina a gida da muka yi yaƙi tare, shi ke bi wa tsofaffin sojoji takardu. Ya shigar mini da buƙata, aka ƙi, wai ban yi kukan wannan ciwo ba ranar sallama, don haka ba ruwansa da yaƙi. Sai ya aiko mini da saƙo cewa mu ɗaukaka ƙara, amma kada in kuskura in ce a hankali abin ya zo, domin kwamitin fansho rana ɗaya yake so a nuna masa. In ce tun ranar da bam ya same ni ban sake zama namiji ba, kunya ce ta hana ni faɗa. Ya ce in ɗauki bayanin a kaset da bakina, shi zai sa a buga shi da Turanci, kuma ba mai gani sai hafsoshi. Yaron ya faɗo mini a rai, ba zan ce bai faɗo ba. Amma na ce wa kaina me ya haɗa hafsoshi da ɗana?

A lokacin, mu da ba ma rubutu, kaset ne wasiƙarmu. Na ɗauka, na faɗi yadda aka ce in faɗa, har da rantsuwa. Na ba wani ɗan garinmu da zai tafi hutu, na ce ya danƙa wa abokin nan hannu da hannu. Ya je bai same shi ba, sai ya ajiye a gidanmu kamar yadda ya saba. To a gidanmu, in kaset ya zo daga Saudiyya shimfiɗa tabarma ake yi a tsakar gida, a kira maƙwabta, kowa ya zo ya ji ko an gaishe shi. Mahaifina na zaune, da mahaifiyata, da matata, da yaron, aka danna rikoda. Innalillahi! Da muryata suka ji na rantse cewa tun yaƙi ban taɓa iya kusantar mace ba, ga kuma yaro an haife shi bayan yaƙi.

Ƙanena ne ya aiko mini da labarin. Ya ce matata ta kama hannun ɗanta ta tafi gidan iyayenta, kuma gari ya ɗauka. Na ruga wurin kafilina, uban gidan da fasfona ke hannunsa, ina roƙon ya bar ni in je gida. Kullum sai ya ce gobe in sha Allah, daga baya ya ce sai kwangila ta ƙare. Na aika wani kaset ina ƙaryata na farko, aka ce ba mai saurara. Ina tuƙi ina ɓata hanya a titin da na sani kamar tafin hannuna. A haka kuma amsar ƙarar ta iso, don abokin nan ya karɓi kaset ɗin daga baya ya shigar. An sake ƙi, wai takarduna sun nuna ina da ɗan da aka haifa bayan raunin, saboda haka lafiyata lau. Kun ji fa! A wurin hukuma ɗan ya tabbatar ba ni da ciwo, a gida kuma ciwon ya tabbatar ba ni da ɗa.

Da na samu na koma, na tara dattawan gidajen biyu, na dafa Alƙur'ani na ce yaron nan nawa ne, ƙarya na yi don a ƙara mini fansho. Kawun matata ya tambaye ni a nitse, to wace rantsuwar za su ɗauka, ta kaset ko ta yau? Matata kuwa sau ɗaya ta yarda muka yi magana. Ta ce shekara da shekaru mahaifiyata na dafa mata sassaƙe masu ɗaci wai don ta sake haihuwa, tana shanyewa a gaban kowa alhali ta san ƙalau take, don kawai kada a kalle ni. Ta ce ta yafe mini ciwo tun tuni, amma ba za ta koma gidan da aka ƙirga watannin cikinta ba. Ba ta dawo ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Ban ce kada tsohon soja ya nemi haƙƙinsa ba. Ku nema, ku faɗi ciwonku ga likita tun ranar farko, kada kunya ta rufe muku baki. Amma ku faɗe shi yadda yake, ko da a rikice yake, kuma kafin ku rantse ku duba wa rantsuwar za ta faɗa wa a ka. Ɗana ya girma, yana gaishe ni da ladabi, yana kirana Baba. Ranar ɗaurin aurensa ina zaune a sahun gaba, da liman ya nemi wanda zai karɓa wa ango aure, sai ɗan nawa ya nuna kawun mahaifiyarsa.