Ƙwan da Kawu Ya Kunna

Jiya na buɗe makunnin fanka, na ga tirayak, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa uku, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. A shagonsa na gyara a Anka, cikin ƙaurin dalma, wata rana ya taɓa ƙafa ɗaya ta irinsa da waya, ƙwan fitila ya kama. Ya janye wayar, bai mutu ba.

Ya ce, "Sau ɗaya ake taɓa shi, ɗana. Sai an cire batir yake mutuwa."

Kawun ne ya sa na kawo dutsen zinariya gida muna dakawa. Da ya ji ƙurar tana kashe yara, ya kwashe nasa yaran zuwa Gummi, bai gaya mini ba. Ba mu daina daka ba sai da muka binne ɗiyarmu.

Allah ya gafarta maka, Kawu. Ni ban iya yafe maka ba tukuna.